Ciwon tsakiyar ido na tsufa: ana gadonsa, amma ba irin gadon sikila ba

Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wata cutar ido da ba kasafai jaridunmu ke taɓo ta ba, kullum sai yanar ido da hawan jinin ido, to su ɗin ma sun cancanta tunda su ne kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, amma akwai wadda likitoci ke kira AMD, wato lalacewar tsakiyar gani da ke zuwa da shekaru, yawanci daga 50 zuwa sama.

A can bayan ido akwai wani ɗan wuri ƙarami mai suna makula, da shi kake karatu, da shi kake zura zare a allura kake gane fuska. In ya lalace gefe-gefe yana nan lafiya lau, tsakiya ce ke dushewa. Shi ya sa za ka ga dattijo yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba ɗan jagora, amma jikansa ya durƙusa ya gaishe shi sai ya ji murya kafin ya san waye, ko ya buɗe littafi ya ce layukan sun karkace, mutanen gida kuma su ce ai rikicin tsufa ne, ko a je kasuwa a sayo masa tabarau. Tabarau kam ba ya gyara wannan.

Maganar cewa ana gadon wannan cuta gaskiya ce. A 2005 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani ɗan canji a ƙwayar halittar gado da ake kira CFH, wadda ke kan kuromosom na 1 (kuromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jiki), yana ƙara haɗarin cutar sosai. Aikin CFH shi ne taka wa wani sashe na garkuwar jiki birki don kada ya wuce gona da iri, to in birkin ya yi sanyi sai kumburi ya riƙa cin bayan idon a hankali shekara da shekaru. Daga baya aka gano wasu ƙwayoyin gadon guda biyu, ARMS2 da HTRA1, a kuromosom na 10, zuwa 2016 kuma wani babban binciken haɗin gwiwa na ƙasashe ya lissafa canje-canjen gado 52 a wurare 34 masu alaƙa da cutar. Binciken da aka yi kan tagwaye ma ya nuna gado na da babban kaso a ciki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu nan da an ce gado sai hankali ya tafi kan sikila, AA, AS, SS, a yi gwaji kafin aure shi kenan an san matsaya. Wannan ba haka take ba ko kaɗan. Ba ƙwaya ɗaya ba ce, da yawa ne kowace na ƙara ɗan nata, akwai mai ɗauke da canjin CFH ɗin da zai kai shekara 90 yana karatu ba matsala, akwai kuma wanda ba shi da shi ta kama shi. Don haka ba abin fasa aure ba ne, ba kuma abin a naɗe hannu a ce ai a jininmu yake ba. Ƙari a kan haka yawancin binciken nan a kan Turawa aka yi, kuma cutar ta fi yawa a cikinsu fiye da baƙar fata, saboda haka lissafin haɗarin da aka gina a kansu ba lallai ya dace da Bahaushe ba. Ita kanta ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ba ta ba da shawarar a riƙa yi wa mutane gwajin gadon AMD haka kawai ba, tunda sakamakon ba ya canza maganin da za a ba ka. Wanda ya ga talla a intanet ana cewa ya turo yawu a gaya masa ko zai makance, ya riƙe kuɗinsa wallahi.

Gwajin da ya fi wannan amfani kyauta ne, ka tambayi manya a gida ko baba ko inna ko wani yaya ya taɓa rasa ganin tsakiya da ya manyanta. In akwai, to kai ne ya kamata ka fi kowa gudun sigari, don ita ce babban abin da ke hannun mutum, tana ninka haɗarin sau 2 zuwa 3, in ta haɗu da gado kuma abin ya fi muni. A kula da hawan jini, a ci ganye irin su alayyafo da zogale. Ƙwayoyin bitamin na ido da ake ta tallatawa da sunan AREDS, wato sunan binciken da aka gwada su a ciki, binciken da aka fitar a 2001 ya nuna suna rage haɗarin tsanantar cutar da kusan kashi 25 cikin 100, amma ga wanda ta riga ta fara kamawa har ta kai matsakaicin mataki, ba rigakafi ba ne ga mai lafiyayyen ido.

Cutar iri biyu ce, busasshiya mai tafiya a hankali wadda ita ta fi yawa, da kuma mai tsatsar ruwa da jini wadda cikin 'yan makonni za ta iya cinye gani, ita wannan ana mata allura a cikin ido irin su Avastin da Lucentis da Eylea, kuma sai an zo da wuri take amfani. Ka rufe ido ɗaya ka kalli ƙarafan taga ko layin tayil, sannan ka canza ɗayan, in ka ga sun lanƙwashe ko wani wuri ya ɓace kar ka jira. A je wajen likitan ido, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano, a ce a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba bayan idon, ba karanta haruffan allo kawai ba.

Ina roƙon ku gayyato ƙwararren likitan bayan ido ya amsa tambayoyin masu karatu, ya kuma faɗa mana asibitocin da ake yin wannan allura a Arewa da abin da take ci.

Naku,
mai karanta jaridarku daga Zariya