Wasiƙa zuwa ga Edita: Ƙarshen kakar Norfolk Tides da haɗarin yanke hukunci da wasannin watan Satumba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina neman a ba ni ɗan fili domin in tofa albarkacin bakina game da sharhin da na karanta a shafinku na wasanni, inda marubucin ya nuna cewa wasannin makonnin ƙarshe na kaka su ne ma'aunin gaskiya na ƙarfin ƙungiya da na 'yan wasanta. A ƙwallon ƙafa, wanda shi ne marubucin yake magana a kansa, zancen yana da ƙamshin gaskiya. Ni kuwa da nake zaune a jihar Virginia ta Amurka, kuma na daɗe ina bibiyar wasan besbol na ƙananan ƙungiyoyi, na ga wani misali da ya sa ba na saurin amincewa da wannan ma'auni, wato abin da ya faru da ƙungiyar Norfolk Tides a ƙarshen kakar 2023 da kuma yadda 'yan wasanta suka ƙare bayan nan.

Dole in fara da bayanin tsarin, domin ya sha bamban da abin da masu karatu suka saba. A ƙwallon ƙafa ƙungiya ce ke samun ƙarin girma ko ta faɗa rukunin 'yan dagaji. A besbol ɗin Amurka ƙungiya ba ta hawa, ba ta sauka. Ɗan wasa ne ke hawa, shi ne kuma ke sauka. Manyan ƙungiyoyi 30 ne, kuma tun daga 2021 kowace ɗaya tana da ƙananan ƙungiyoyi huɗu a ƙarƙashinta, hawa-hawa, jimilla 120. Norfolk Tides tana mataki na sama, wanda ake kira Triple-A, kuma tun 2007 take renon 'yan wasa domin Baltimore Orioles, bayan ta shafe shekaru masu yawa tana yi wa New York Mets wannan hidima. Uwar ƙungiya ce ke biyan albashin 'yan wasa da na masu horarwa, ita ce kuma ke da ikon ɗauke wanda ta ga dama a ranar da ta ga dama, ko da gobe ƙaramar ƙungiyar za ta buga wasan da kakarta ta rataya a kansa. Saboda haka mai horar da irin wannan ƙungiya kamar makiyayi ne da ke kiwon shanun wani: duk san da ya yi ƙiba, mai shi zai aiko a tafi da shi.

A 2023 garken Norfolk ya yi albarka ƙwarai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baltimore ta sha kashi a wasanni 115 a 2018, da 108 a 2019, da 110 a 2021, kuma a ƙa'idar wannan wasa a wancan lokacin ƙungiyar da ta fi shan wuya ita ke samun damar fara zaɓen matasa masu tasowa. Mike Elias, wanda ya karɓi ragamar tafiyar da harkar 'yan wasan ƙungiyar a ƙarshen 2018, ya yi amfani da wannan dama ya tara matasa, har ta kai ga matakin Triple-A ya cika maƙil da waɗanda a wata ƙungiyar da tuni suna babbar gasa. An raba kakar gida biyu, Norfolk kuma ta lashe rabin farko da nasara 48 da rashin nasara 26, abin da ya ba ta tikitin wasan ƙarshe tun a watan Yuni, tare da damar karɓar baƙuncinsa a filinta na Harbor Park da ke bakin kogin Elizabeth.

Daga nan ne aka fara zare mata haƙora ɗaya bayan ɗaya. An ɗauke Jordan Westburg a ƙarshen Yuni, an ɗauke Colton Cowser a farkon Yuli, an mayar da mai jifa Grayson Rodriguez Baltimore a tsakiyar watan bayan ya zo Norfolk ya gyara jifansa, sannan a tsakiyar Satumba, ana dab da wasan ƙarshe, aka tafi da Heston Kjerstad. A rabin kaka na biyu Norfolk ta ci 42 aka ci ta 33, Durham Bulls kuma ta lashe wannan rabi. Wanda ya kalli alƙaluma kawai zai ce ƙungiyar ta yi sanyi, ƙafarta ta fara nauyi, alhali waɗanda suka buga watan Afrilu da waɗanda suka buga watan Satumba kusan riga ce kaɗai ta haɗa su. A ganina nasara 42 da aka samu ana cikin wannan kwashe-kwashe ta fi nuna gwanintar mai horarwa Buck Britton fiye da 48 ɗin farko, kuma jimillar nasara 90 da ƙungiyar ta kammala da ita ba ƙaramin abu ba ne a gasar da ba wanda ya san wa zai kwana a cikin tawaga.

Wasan ƙarshe da Durham na wanda ya fara cin biyu cikin uku ne. Durham ta ci na farko a gaban mutanen Norfolk, Tides kuma ta farfaɗo ta ci biyun da suka biyo baya, ta ɗauki kofin gasar International League karo na farko tun 1985, lokacin da ake kiran ta Tidewater Tides. Ranar 30 ga Satumba ta tafi Las Vegas ta kara da Oklahoma City, zakarar ɗaya gasar ta Pacific Coast League, a wasa guda na raba gardama, ta kuma yi nasara da ci 7 da 6, da ƙyar da jiɓin goshi, domin abokan karawar sun yunƙuro a zagayen ƙarshe har saura ƙiris su farke.

Wanda ya juya akalar wannan wasa shi ne Colton Cowser, kuma labarinsa ne ya fi ɗaukar hankalina. Ga waɗanda ba su san wasan ba, mai bugu yana ƙoƙarin dukan ƙwallon da aka jefo masa ya ruga zuwa tashoshi uku kafin ya dawo gida ya ci maki ɗaya, idan kuwa ya doka ƙwallon ya tsallake katanga, shi da duk abokansa da ke tsaye a tashoshin sun ci. A zagaye na bakwai Cowser ya tarar da tashoshin uku a cike, ya tsallakar da ƙwallon, maki huɗu suka shiga lokaci guda, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan. To, wannan saurayi shi ne wanda makonni kaɗan kafin nan ya dawo daga Baltimore a karye, bayan ya yi bugu mai kyau sau 7 kacal cikin dama 61. Da an auna shi da watan Yuli da an ce bai isa ba. A 2024 ya tsallakar da ƙwallo sau 24 a babbar gasa, ya zo na biyu a zaɓen gwarzon sababbin 'yan wasa na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na babbar gasar, inda Luis Gil na New York Yankees ya sha gabansa da rata kaɗan. Idan aka tsaya a nan, sai a ce marubucinku ya yi gaskiya, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai dai akwai Jackson Holliday a wannan tawaga, kuma nasa labarin ya rushe wancan. Ɗan Matt Holliday ne, wanda ya yi suna a wasan shekaru da dama, kuma shi Baltimore ta zaɓa na farko a duk faɗin ƙasar a 2022. A kakar 2023 ya bi ta sauran ƙananan ƙungiyoyin Baltimore, ya fara daga Delmarva, ya wuce Aberdeen, ya wuce Bowie, ya iso Norfolk a farkon Satumba yana ɗan shekara 19, wato ya haye matakai huɗu a kaka guda, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya buga wasanni 18 a Norfolk yana fuskantar masu jifa da wasunsu suka girme shi da fiye da shekara goma, bai kuma ji kunya ba. Masu sharhi suka ɗora shi a kan gaba cikin dukan matasan wasan, magoya baya suka yi ta ƙorafin an ƙi fara kakar 2024 da shi a Baltimore. Da aka kira shi ranar 10 ga Afrilu, ya samu bugu mai kyau sau 2 cikin dama 34, masu jifa suka fitar da shi sau 18 ba tare da ya iya dukan ƙwallon ya ruga ba, kafin wata ya ƙare aka mayar da shi Norfolk. Ya dawo ranar 31 ga Yuli, kuma a ranar ya yi irin bugun Cowser mai maki huɗu a kan Toronto, amma duk da haka ya ƙare kakar yana fama. Ba ina cewa yaron ba shi da baiwa ba ne, ƙuruciyarsa kaɗai ta isa uzuri. Abin da nake nunawa shi ne wasanni 18 na Satumba ba su gaya wa kowa ko ya shirya ba.

Akwai dalilan da ke sa alƙaluman ƙarshen kaka a wannan mataki su zama masu santsi. Na farko, yawan wasannin bai kai a gina hukunci a kansa ba, domin a kakar da ake buga wasa kusan 150 mai bugu na iya yin mako biyu ƙwallo na faɗa masa inda babu mai tsaro, ko kuma ya yi mako biyu yana doka ta da ƙarfi tana faɗawa hannun mutane. Sannan masu jifan da ake fuskanta a Satumba ba su ne na Mayu ba: gwanayen an tafi da su sama, matasan da ake tattalin hannuwansu an rage musu aiki, saura kuma sun gaji da jerin wasanni shida a mako da hutun Litinin kaɗai. Da can ma abin ya fi haka muni, lokacin da babbar ƙungiya ke da ikon faɗaɗa tawagarta har zuwa mutum 40 a watan Satumba. Yanzu an taƙaita zuwa 28. Kada kuma a manta da batun aljihu. Yarjejeniyar farko da 'yan wasan ƙananan ƙungiyoyi suka ƙulla a 2023 ta ɗaga mafi ƙarancin albashin Triple-A daga dala 17,500 zuwa 35,800 a shekara, yayin da mafi ƙarancin na babbar gasa a wannan shekarar dala 720,000 ne. Mutumin da ke tsaye tsakanin waɗannan lambobi biyu, hankalinsa yana kan wayar da za a buga daga Baltimore fiye da kofin da za a ɗaga a Norfolk, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Sauran tawagar kuwa kasuwa ce ta raba su. A watan Fabrairun 2024 aka ba Milwaukee Joey Ortiz da DL Hall domin a samo mai jifa Corbin Burnes. A ƙarshen Yuli aka miƙa Connor Norby da Kyle Stowers ga Miami aka karɓo Trevor Rogers, wanda ya zo ya kasa, har a watan Agusta aka sauko da shi Norfolk ɗin da waɗancan suka baro. Mutane da dama, har da ni, mun ce Baltimore ta yi asara. A 2025 Stowers ya shiga tawagar taurarin gasa da rigar Miami, Rogers kuma ya zama mai jifan da ya fi kowa tasiri a Baltimore, don haka hukuncin da muka yanke a Agustan 2024 shi ma bai yi shekara ba ya tsufa. Ita kanta Norfolk ta buɗe kakar 2024 da ƙarfinta, har ta zura wa Charlotte maki 26 a wasa guda a farkon Afrilu, amma da aka watse ba ta ko kusanci wasan ƙarshe ba. Uwar ƙungiyar ma ba ta tsira daga wannan ba, domin a 2023 ta ci wasanni 101, sannan Texas Rangers ta share ta da uku ba ko ɗaya a wasannin fitar da gwani na watan Oktoba.

Roƙona ga shafinku na wasanni shi ne, idan za a kawo rahoton ƙananan ƙungiyoyi ko na matasa, a kowane irin wasa ne, a riƙa haɗa sakamakon da bayanin su wa aka ɗauke, su wa aka kawo, shekarun 'yan wasan nawa, kuma wasanni nawa aka dogara da su kafin a kira yaro tauraro ko a ce ya gaza. Zan kuma ji daɗi idan lokaci-lokaci aka ware wa besbol ko da sakin layi biyu ne, domin mu da ke karanta ku daga wannan nahiya muna zuwa filayen, 'ya'yanmu kuma suna buga wasan a makarantu.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai karatu daga jihar Virginia, Amurka