Lissafin kabon na daskararriyar ƙasar arewacin duniya ya fara juyewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman a ba ni fili in yi tsokaci kan wata magana da ake yawan maimaitawa a duk lokacin da aka tabo batun ɗumamar yanayi, wato cewa idan yankunan sanyi na can ƙuryar arewa suka yi ɗumi, ciyayi da itatuwa za su bunƙasa su shanye iskar kabon, ta yadda abin da aka rasa a wani wuri za a mayar da shi a can. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne ya fi nauyi.

A Rasha da Kanada da Alaska akwai ƙasar da take a daskare tun dubban shekaru, sama-samanta kaɗai ke narkewa a 'yan watannin ɗumi sannan ya sake daskarewa. Kusan kashi biyu cikin uku na faɗin Rasha irin wannan ƙasa ce, shi ya sa a birnin Yakutsk ake ɗora manyan gine-gine a kan ginshiƙai, don kada zafin gida ya narkar da abin da ke riƙe da shi. A cikin wannan ƙasa saiwoyi da ganyaye da gawarwakin dabbobi suka taru ba tare da sun ruɓe ba, domin sanyi ya hana ƙananan halittun da ke ruɓar da abu yin aikinsu. Masana sun ƙiyasta kabon da ke binne a wurin ya kai tan biliyan 1,400 zuwa 1,600, wato kusan ninki biyu na wanda ke cikin sararin samaniya a yau.

Da zarar ƙasar ta narke, waɗannan halittu sai su farfaɗo su hau cin abin da aka daɗe ana ajiye musu. Inda ƙasa ta tsane kuma iska na shiga, iskar kabon suke fitarwa. Inda ruwa ya kwanta ya zama fadama ko tafki, iskar metan ce ke fitowa, wadda a cikin shekara 20 na farko take riƙe zafi kimanin sau 80 fiye da ta kabon. Ga shi kuma wani bincike da masana na ƙasar Finlan suka fitar a 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yana ɗumama kusan sau huɗu fiye da matsakaicin duniya. A watan Yunin 2020 an auna zafin digiri 38 a garin Verkhoyansk na yankin Saberiya a Rasha, garin da a da ba a san shi da komai ba sai tsananin sanyi.

Masu cewa tsirrai za su rufe giɓin suna kallon lokacin ɗumi ne kawai. Gaskiya ne ƙananan itatuwa suna mamaye filayen tundura, wato filayen ƙuryar arewa da sanyi ya hana manyan itatuwa tsiro a cikinsu, lokacin tsiro ya ƙara tsawo, kuma a waɗannan watanni yankin yana shan kabon fiye da yadda yake fitarwa. Sai dai lissafin ya yi kama da na mai kanti da yake ƙirga cinikin ranar kasuwa ya manta da kuɗin haya na sauran kwanaki. Idan hunturu ya shigo rana ta ɓace, tsirrai suna tsayawa cik, amma ƙasar da ke ƙarƙashin dusar ƙanƙara takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin ta daskare gaba ɗaya, kuma duk tsawon wannan lokaci ruɓewa ba ta tsayawa. Wani babban bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa daga Oktoba zuwa Afrilu yankin yana fitar da kabon kusan tan biliyan 1.7 a shekara, alhali abin da ake ƙiyasta tsirrai suna sha a lokacin tsiro bai wuce kimanin tan biliyan 1 ba. An daɗe ba a ga wannan asara ba saboda dalili mai sauƙi: auna iska a tsakiyar hunturun Saberiya aiki ne mai wuya da tsada, don haka yawancin awon da aka tara na watannin ɗumi ne.

Sai kuma gobara. A 2023 wutar daji ta cinye fiye da hekta miliyan 15 a Kanada, kuma irin wannan wuta ba ta tsayawa kan itatuwa, tana ƙone gansakuka da ruɓaɓɓen ganyen da suka lulluɓe ƙasa suna kare ta daga zafin rana, sai narkewar ta ci gaba shekaru bayan hayaƙi ya kwanta. A Disambar 2024 hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta bayyana cewa idan aka haɗa da hayaƙin gobara, tundura ta koma tana fitar da kabon fiye da yadda take sha, bayan dubban shekaru tana ajiyewa.

Ba na cikin masu cewa wata rana ƙasar za ta fashe ta amayar da komai lokaci guda; shaidar da ake da ita ta fi nuna yoyo ne a hankali wanda zai ɗauki ƙarnuka. Abin da ya fi damuna shi ne wannan yoyo ba shi da mai shi. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris ta 2015 kowace ƙasa tana lissafa hayaƙin masana'antunta da motocinta da gonakinta, amma mafi yawan abin da ke fita daga narkewar ƙasa ba ya shiga littafin kowa, alhali yana rage ɗan sararin da ya saura kafin a ƙetare iyakar digiri 1.5 na ƙarin zafin duniya da yarjejeniyar ta sa a gaba. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri 1 zai iya sakin tan biliyan 14 zuwa 175 na iskar kabon daga wannan ƙasa. Faɗin tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu kaɗai ya isa dalilin ƙara tashoshin awo, musamman a Rasha, inda haɗin gwiwar bincike da ƙasashen Yamma ya yi rauni tun 2022.

Don haka ina roƙon wakilanku, idan sun sami zama da jami'an da ke wakiltarmu a tarukan yanayi na duniya, su tambaye su ko wannan hayaƙi yana cikin lissafin da ake gina alkawuran rage gurɓatacciyar iska a kansa.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya