Babana, kar ka jona garmahon nan sai ka karanta wannan

Assalamu alaikum Babana, ya Riyad ya aiki? Mu nan Jidda lafiya lau sai zafi da gumi. Na ga hoton da ka turo a WhatsApp na garmahon marigayi kakanka da Gwaggonka ta taho maka da shi daga Kano da ta zo Umra, wallahi sai da hawaye ya zo min, don wannan tabon da ke gefen murfin ni na yi shi ina yaro. Ka ce yau da dare za ka jona, to dan Allah dakata tukuna.

Fara juya shi ka karanta ɗan ƙarfen da ke baya. Abu biyu za ka duba, bolt, wato ƙarfin wuta, da kuma lambar da aka rubuta Hz a gabanta, wato yawan bugun wuta a daƙiƙa. Na bolt mai sauƙi ne, in akwai makunnin zaɓi na 110 da 220 ka tabbata yana kan 220, haka ma amfilifayar, na'urar ƙara ƙarfin sautin nan da ka ce ka sayo a kasuwar Haraj, ita na fi ji wa tsoro don kayan gwanjo wasu na 110 ne zalla, irin wannan sai da tiransifoma. Ni shekarata ta farko a ƙasar nan haka na ƙona wata sabuwa fil, gidan da muke haya soket ɗin 110 da na 220 duk kama ɗaya, ina sakawa sai ƙara ɗas da warin ƙuna, albashin rabin wata ya tafi.

Maganar Hz ɗin ce mutane ba su sani ba. Wutar Najeriya 50 ce, ta Saudiyya 60, kuma tsofaffin garmaho masu bel da yawa motar da ke juya musu faranti da bugun wutar take tafiya, to na 50 in ka sa shi a 60 zai ƙara gudu da kashi ɗaya cikin biyar, maimakon juyi 33 da ɗoriya a minti sai ya yi 40, ka ji muryar dattijo ta koma ta ƙaramin yaro, kiɗan kamar ana korar makaɗan. Tiransifoma ba ta gyara wannan, bolt kawai take canzawa, kar wani mai shago ya ci kuɗinka. Gwajin ba wuya, manna 'yar takarda a bakin farantin ka ƙirga, a minti 3 ya kamata ta zagayo sau 100 cif. In ta kai 120 to sai an canza ɗan ƙarfen kan motar da bel yake hawa an sa na 60, kai wa mai gyaran rediyo dattijo, ba yaran da ke gyaran waya ba.

Sai jonawa. Kashe komai, ka sauke murya ƙasa gaba ɗaya. Wayoyi biyu ne, ja na dama fari na hagu, kuma ramin da aka rubuta PHONO za su shiga, ba AUX ba ba CD ba. Dalili, abin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, wajen milibolt 5 kacal, sannan tun wajen yanka faifai ake rage kaurin sauti a ƙara siririn don waƙa ta samu wurin zama a layukan, ramin PHONO ne ke ɗaga shi ya mayar da kaurin inda yake. Ka sa a AUX za ka ji shi can ƙasa siriri kamar sauro. In amfilifayarka ba ta da PHONO akwai ɗan akwatin da ake sawa a tsakani, firi'am suke ce masa, shi sai ya shiga AUX ɗin.

Akwai wata siririyar waya ta uku mai baki kamar cokali mai yatsu, na hango ta a hoton tana lilo, kar ka ɗauka tarkace ce ka yanke. Ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND ka matse da kyau, in ba haka ba sifiku za su riƙa gurnani uuuu ba tsayawa. Kuma kar ka ɗora garmahon kan sifika ko tebur ɗaya da ita, girgiza na komawa cikin allura.

Allurar nan ta girme ka, sayi sabuwa kafin ka sa faifan kakanka ko ɗaya, tsohuwa cin layi take yi kuma abin da ta cinye ya tafi ke nan. Nauyinta kan faifai wajen giram 2 ne, ban yarda ka ɗora mata kwabo a kai kamar yadda muke yi da ba. Faya-fayan ka jera su a tsaye a ɗaki mai AC, kar su yini a mota ko sau ɗaya, ranar Riyad lanƙwasa su za ta yi kamar gurasa.

In ya tashi ka kira ni bayan Isha'i, ka fara da wanda ke cikin jakar ruwan ƙasa mai rubutun ajami a kusurwa, hannun kakanka ne, ka kara min wayar kusa da sifika in ji. Mamanka na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Allah Ya yi maka albarka.

Babanka