A Duba Kafireta Ta Hannu Kafin A Biya

Malam Edita,

Ina jan hankalin masu babura a Kano kan kafireta ta hannu, wato abin da ke haɗa fetur da iska ya tura wa inji. Tambarin kamfanonin ƙera kafireta irin su Keihin ko Mikuni bai isa shaida ba, jabu ma na ɗauke da shi. A auna faɗin bakinta da na injin, a ga ko sun yi daidai. A kwance kwanon ƙasa, a girgiza fulot, wato abin da ke yawo a saman mai yana tsayar da shigowarsa in kwanon ya cika. In mai na motsi cikinsa, ya huje, fetur zai riƙa malala.

Silaid, wato ƙarfen da ke hawa da sauka in an murɗa totur, in yana rawa yakan shigar da iska, silo ba zai zauna ba. Jet kuwa, wato ɗan ƙarfe mai siririn rami da fetur ke bi, in ya toshe, a wanke da fetur, a hura iska. Don Allah, makanikai, ku daina zura waya: tana buɗa ramin, babur ya sha mai, fulogi ya yi baƙi.

Wani makaniki, Fagge, Kano