Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta 'yan Mambila

Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa. Ga taƙaitaccen bayanin abin da kwamiti ya yi bana, dan Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara tambaya a gurup.

Maganar gidaje ita ta cinye mana shekarar gaba ɗaya. Kowa ya san yadda ɗakin haya ya yi wuya a Gembu da Nguroje, garuruwanmu na kan dutsen Mambila a jihar Taraba, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti za a turo shi ya zo ya rasa inda zai ajiye katifa, ga kuma 'yan uwanmu na Kamaru da rikici ya koro tun 2017 da yawansu har yau a gidajen mutane suke raɓe. Da muka zauna da magina da masu sayar da kaya sai muka gane matsalar ta hanya ce fiye da komai. Siminti da kwano da rodi duk daga ƙasa ake hawo da su, ta Bali zuwa Serti zuwa Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawan dutse tana nishi, in damina ta kankama ƙasa ta zabtaro kan titi shikenan sai a zauna jira, kuma duk wannan wahalar direba a kan buhun siminti yake ɗora ta. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi fandisho ya bar shi shekara da shekaru ciyawa na ci.

Don haka muka haƙura da bulon siminti a ɗakunan malamai da muka fara, muka koma bulon jar ƙasa da katakon zaiti tunda su Allah ya hore mana, siminti sai a fandisho da filasta kawai. Wasu sun ce wai koma baya ne. Gaskiya ni ban yarda ba, ɗakin ƙasa ya fi riƙe ɗumi a sanyin nan namu. An kai linta, rufi ya rage.

Aikin gayya na cike ramuka da yashe kwalbatoci ma an yi, matasa sun fito sosai, Allah ya saka.

Wuta kam babu sabon labari. Dam ɗin Mambila mai megawat 3,050 da aka sa hannu a kwangilarsa a 2017 har yanzu a takarda yake, mu dai janareta da sola. Masu ƙetare kogin Donga kuma kwale-kwale ne dai, mun sake rubuta wasiƙa kan gada muna jiran amsa.

Kuɗin wata ne ya ja mu baya, musamman mambobinmu na Jalingo da Abuja, ba gori ba ne amma a duba. Ma'aji zai kawo lissafi dalla-dalla a mitin mai zuwa. Wanda ya yi alkawarin kwano ya cika kafin ruwan Afrilu ya sauka, in ba haka ba bulon nan narkewa zai yi.

Sakatare, a madadin kwamiti