Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai tambaya daga Nguru: me ya sa wuta ba ta kashe kachalla?

Assalamu alaikum Malam,

Tambayar da ka aiko mana ta shirin manoma na rediyo ta iso. Ka ce kachalla ba baƙuwa ba ce, tun kana yaro ake yankan ta ana saƙa tabarma, to don me yanzu ake saka ta cikin tsirrai masu mamaya? Ka ƙara da cewa in ta dame mu, me zai hana a banka mata wuta da rani a huta?

Gaskiyarka, ta daɗe a ƙasar nan. Wasu masu mamayar daga nesa aka kawo su, kamar kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi, ’yar Kudancin Amurka, da ta bayyana a ruwan Legas a 1984. Har giwan ruwa, namu na Tafkin Chadi da Kogin Kwara, da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, sai da ya cinye ƙananan kifayen wurin, aka ƙiyasta kusan iri 200 sun ɓace. Ita kachalla ba a kai ta ko’ina ba. Gidan ne aka sauya mata, ta samu yadda take so.

Da can Kogin Haɗeja yakan yi ambaliya a Agusta da Satumba, ya malale fadamu, sannan ya janye, da rani har a taka yashi a tsallake shi. Wannan bushewar ce ke taka wa kachalla birki, domin ba ta jure watanni a busasshiyar ƙasa. Da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sako ruwa shekara zagaye saboda noman rani da ruwan sha na Kano. Ambaliyar damina ta ragu, bushewar rani ta ɗauke. Abin da ya rage shi ne ruwa marar zurfi, marar gudu, da ba ya ƙafewa, ga kuma takin zamani da ke wankowa daga gonaki. Irin wannan ya faru a Kogin Senegal bayan madatsar Diama ta 1986.

Ɓarnar tana bin juna ne. Kachalla kan kai mita 3, ta yi cinkus har rana ba ta sauka cikin ruwa, sai bado da burugu da roba su mutu a ƙarƙashinta, wato abincin shanu da wurin ƙwan kifi sun tafi tare. Tsofaffin ganyayenta na ruɓewa a ƙasan ruwa suna cinye iskar da kifi ke shaƙa. Tarwaɗa da gaiwa, masu iya leƙowa sama su shaƙi iska, sukan jure, amma ƙarfasa da sauransu sai su ƙaura. Dinya da kirinjijiya da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin hunturu, waɗanda saboda irinsu aka saka Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya a 2000, buɗaɗɗen ruwa da taɓo suke nema. Wanda ya ji daɗin duhuwar shi ne tsuntsun jan baki, nan yake kwana ya tashi da asuba ya sauka kan gero da shinkafa. Sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsagiya su ma sun samu mafaka.

Mafi muni a ganinmu shi ne abin da take yi wa hanyar ruwa. Tana rage masa gudu, laka ta kwanta a gindinta, wuri ya ƙara cikewa, ita kuma ta ƙara gaba. Haka tsohon Kogin Haɗeja da mashigin Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata Marma zuwa Nguru. Ku gonakinku na nutsewa, mutanen Gashuwa da na ƙasa da su suna jiran ruwan Haɗeja bai iso ba.

Yanzu batun wuta. Ran kachalla yana cikin saiwarta mai rarrafe a laka, inda take tara abinci. Wuta na cin busasshen ganye a sama, danshi ya kare saiwar. Tokar ta zama taki, inuwa ta kau, cikin ’yan makonni toho ya fito ya fi na da kauri. Ga ƙwan tsuntsaye da aka ƙone a banza.

Abin da ke kashe ta shi ne a hana ta numfashi. Ka tsaga ganyenta ka duba, cike yake da ƙananan ramuka kamar soso, ta nan iska ke sauka zuwa saiwar. In aka yanke ta ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta shaƙe ta ruɓe. Sai dai aikin na da ƙa’ida.

A yanka da lauje ko adda a ƙarƙashin ruwa, santimita 20 zuwa 30 daga samansa, taƙi guda da ɗoriya ke nan. A yanke duka, har busassun karare, domin kara ɗaya da aka bari tsaye zai ci gaba da shayar da na kewaye da shi iska, tunda saiwarsu a haɗe take. Nan yawancin aikin gayya ke lalacewa: a share tsakiya a bar gefe. Lokacin da ya fi shi ne sa’ad da ta fara fitar da kai, wannan mai kama da zangarniyar gero, kafin ya nuna. A sannan saiwar ta zuba ƙarfinta a sama, rumbunta ya yi ƙasa. In aka bari kan ya bushe ya fashe, guda ɗaya na iya sakin iri fiye da 100,000, iska ta watsa.

Dole ruwa ya ci gaba da rufe kututturen na makonni. Wanda ya yanka ana gab da janyewar ruwa, aski kawai ya yi mata. Bayan mako 3 zuwa 4 a koma a sare duk tohon da ya leƙo, a maimaita sau 2 ko 3 a shekarar. Abin da aka yanka a kwashe shi zuwa tudu, kada a bar shi ya ruɓe a ruwa ko ya je ya toshe gaba. Masu shiga su sa dogon takalmin roba, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti a ba shi maganin tsagiya.

Inda ƙasa ke bushewa ƙayau, a nan wuta ke da amfani, amma a matsayin share fage: a ƙone, a bi da garma a tono saiwar, a bar ta a rana. Kada a bar taɓon da aka share tsirara, don a kan jiƙaƙƙiyar laka irinta ke tsirowa. A dasa burugu ko shinkafa da wuri. In injin haƙa ne ya yashe mashigi, a zurfafa shi ya wuce mita ɗaya da rabi, a kuma kai lakar nesa da gaɓa, in ba haka ba ruwan sama zai mayar da ita da guntayen saiwar. Maganin feshi ba ma ba da shawararsa a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Su ma masu dumba, wato shingen kama kifi, sai an zauna da su, domin shingen da aka gitta a mashigi yana tare laka kamar yadda kachalla ke yi.

Saƙa tabarma da jinka da ita, ko yin gawayi kamar yadda ake yi a Senegal da Muritaniya, zai rage tsadar aikin, amma yankan sana’a a sama ake yin sa, ba ya kashe ta.

Duk wannan zai buɗe muku hanyar kwale-kwale da bakin gona. Muddin ruwan na nan kwance shekara zagaye, za ta dawo. Don haka muke roƙon ƙungiyoyinku na masunta da manoma da makiyaya su kai buƙata ɗaya gaban Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama’are: a tsara sakin ruwan Tiga da Challawa yadda za a samu ambaliya ta gaske da damina da ’yan makonnin bushewa da rani, kuma a sanar da ku jadawalin tun da wuri, don ku san makon da za ku shiga da lauje.

Wassalam,
Daga ’yan’uwanka masu aikin kula da fadamu.