Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Ƙwadago kan ’yan damfarar bizar aikin gona a Amurka

Assalamu alaikum ranka ya daɗe. Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubuto maka shi ne ƙanina, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi har da buhunan masarar da ya ajiye, ya damƙa wa wani ejan kuɗin wai za a kai shi aikin gona Amurka. Takardar da aka ba shi tana hannuna yanzu haka, fotokwafi ce mai hoton mikiya a sama, an buga sunansa da manyan baƙaƙe, ejan ɗin ya ce masa ai ya riga ya tura fom ɗinsa Chicago ta gidan waya, sai jira. Wata na bakwai kenan, layin mutumin a kashe.

Wallahi abin da ya fi min ciwo, ƙaryar ba ta da wuyar ganewa da mutanenmu sun san yadda abin yake. Bizar aikin gona ta wucin gadi sunanta H-2A, kuma ma'aikaci ba shi ke nema ba tun farko. Mai gonar da ke can Amurka shi ne zai fara, ya kai tallan aikin, fom ETA-790, kwana 60 zuwa 75 kafin ranar da yake buƙatar ma'aikata, sannan ya cike ETA-9142A ya miƙa wa ma'aikatar ƙwadagon Amurka aƙalla kwana 45 kafin ranar, dole ya nuna ya nemi ’yan ƙasa bai samu isassu ba kuma kawo baƙi ba zai karya albashin ’yan gida ba. Da can ta gidan waya ake aika takardun zuwa ofishinsu na Chicago, nan ’yan damfarar suka samo labarin da suke yaudarar yara da shi. Amma yanzu an koma intanet, aikawa ta wasiƙa sai mai gonar da ba shi da intanet ko mai wata lalura ta naƙasa, shi ma sai ya bayyana dalili. To ina ejan da ke zaune a shago a unguwarmu ya shigo ciki?

Bayan an amince ma mai gonar ne dai zai kai wa hukumar shige da fice ta Amurka fom I-129, sai a ƙarshe ma'aikaci ya je ofishin jakadanci neman biza. Kuma dokar Amurka ta hana karɓar kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, masauki ma mai gona ne zai bayar kyauta.

Ranka ya daɗe, ma'aikatarka ce ke ba kamfanonin samar da aiki lasisi. Don Allah ku fitar da sunayen masu lasisin inda kowa zai gani a wayarsa, kuma wannan bayanin a yi shi da Hausa a rediyo, a maimaita a maimaita, a ba limamai da masu unguwanni su faɗa. Wanda duk aka kama yana karɓar kuɗi da sunan H-2A a gurfanar da shi kotu a sanar da jama'a. Ƙanina dai yanzu babur ɗin wani yake haya, kullum da yamma sai ya kai balas, kuma har yau ya kasa haɗa ido da mahaifiyarmu.

Nagode, Allah ya taya riƙo.
Wani ɗan ƙasa daga Zariya